Ba a Soka Buhu Wuri Guda: Shawara Ga Masu Rubuta Furojet

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ajin ƙarshe da furojet ya sa a gaba a wannan zangon. Duk wanda ya leƙa shagunan kwamfuta a 'yan makonnin nan ya san lokaci ya yi. Kowa riƙe da fayil, kowa na tambayar ɗan uwansa ya kai babi na nawa. Akwai kuma abin da dukanmu mun san ana yi amma ba mai son faɗa da ƙarfi: mutum ya buga takardun tambayoyi ɗari, ya shige ɗaki bayan isha'i da biro kala uku, ya cike su da kansa, yana sauya rubutu don kar a gane hannu ɗaya ne. Ba zan mai da kaina waliyyi ba, ni ma sai da na sayo biron. Abin da ya tsayar da ni wani darasi ne na kwas ɗin ƙididdiga da muka yi a shekarar farko. A lokacin haddace shi na yi don in tsira daga kariyoba, sai bana na gane abin da yake faɗa. A kansa nake son mu yi magana, domin ina ganin da mun fahimce shi, da rabin maguɗin da ake yi a furojet bai taso ba.

Ga yadda abin ya faro. Ni da wani abokina bincikenmu a kan manoman shinkafa ne na yankin noman rani na Bakolori. Madatsar nan da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato ita ke shayar da gonaki a Maradun da Talata Mafara da Bakura, kuma da wuya ka sami ɗan yankin nan da ba shi da ɗan uwa mai ci daga ruwanta. Muka samo jerin sunayen manoman wata ƙungiya, muka rubuta lambobinsu a 'yan takardu, muka zuba a hula. Shi ya zaro ashirin, muka mayar, ni ma na zaro ashirin. Kowa ya bi nasa ya tambaye su buhu nawa suka samu a noman da ya wuce. Da muka dawo muka fitar da matsakaici, wato aka haɗa buhunan duka aka raba da yawan manoman, sai nawa ya fi nasa da kusan buhu biyu.

Nan fa rigima ta tashi. Na ce bai je ba, a tasha ya zauna ya rubuta. Ya ce ni ne na bi gidajen masu hali. Har muka fara shawarar mu gyara lambobin su zo daidai, don kar malamin da ke duba mu ya ce ɗayanmu ƙarya yake. Wato muna da alƙaluma na gaskiya a hannu, muna shirin mai da su na ƙarya don su yi kama da gaskiya.

Ranar Talatar da ta biyo baya na shiga kasuwa wurin kawuna da ke sayen shanshera. Na tarar da shi yana duba kaya da ɗan ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu. Ya soki sama, ya soki tsakiya, ya sunkuya ya soki ƙasa, kowane ya zuba a tafin hannu ya murza. Na ce, "Kawu, me ya sa kuke wahalar da kanku har wuri uku? Ai duk shinkafa ɗaya ce a ciki." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, wa yac ce maka guda ta? Ko babu cuta, abin da ƙarfe yaɗ ɗebo nan ba ya zama daidai da abin da yaɗ ɗebo can. In ko da cuta, mai kyawun ita aka sawa bisa. Ba a soka buhu wuri guda."

Kawu bai taɓa shiga ajin ƙididdiga ba, amma abu biyu ya faɗa, kuma su ne ginshiƙin darasin nan. Na farko, ɗiba biyu daga buhu guda ba sa zuwa daidai ko da ba wanda ya yi ha'inci. Na biyu, akwai kuskuren da ke zuwa daga inda ka soka. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗauki biro ka gwada wannan misali da kanka. A ce gari ne mai manoma biyar kacal, sun sami buhu 8, 10, 12, 14 da 16. Matsakaicinsu na gaskiya 12 ne. Amma a ce kuɗin motarka na ganin mutum biyu ne kawai, kuma da ƙuri'a za ka zaɓe su. Hanyoyi goma ne za a iya haɗa mutum biyu daga cikin biyar. In ka fitar da matsakaicin kowane haɗi za ka samu: 9, 10, 11, 11, 12, 12, 13, 13, 14, 15. Dubi jerin nan da kyau. Ɗalibai goma za su iya zuwa gari ɗaya, kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, wani ya dawo da 9 wani da 15. Ba maƙaryaci a cikinsu. Sannan in ka haɗa goman ka raba, 12 za ka samu cif, wato gaskiyar garin. Kuma shida daga cikin goman sun faɗa tsakanin 11 da 13. Manoman sun bazu daga 8 zuwa 16, amma matsakaitan sun matso daga 9 zuwa 15. In ka ƙara samfurin ya zama mutum uku, za su ƙara matsewa tsakanin 10 da 14.

Wannan jerin shi ne abin da ake nufi da bazuwar matsakaitan samfura. Abin da ya rikita ni a shekarar farko shi ne na ɗauka magana ake a kan manoma. Ashe magana ake a kan amsoshin da duk masu bincike za su iya dawowa da su, in da kowa zai zaro nasa samfurin. Kai samfuri ɗaya ke hannunka, amsarka ɗaya ce daga cikin tarin amsoshin da ƙuri'a za ta iya ba ka. Tambayar da ta kamata ita ce: yaya faɗin wannan tarin yake?

Amsar ita ce fomular nan da muka haddace, sigma bisa tushen n. Sigma na auna yadda manoman suka bambanta da juna. Ita kuwa n yawan mutanen da ka tambaya ce, tushenta kuma shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka n. A ce bambancin manoma ya kai buhu 6. In ka tambayi mutum 9, ka raba 6 da 3, rawar da matsakaicinka zai iya yi buhu 2 ce. In ka tambayi 36, ta koma buhu 1. In kana son ta koma rabin buhu, sai ka tambayi 144. Wato duk lokacin da kake son rage kuskure da rabi, sai ka ninka wahala sau huɗu. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce in samfurin ya yi girma, matsakaitan kan taru kamar tsibin hatsi a masussuka, tudu a tsakiya, gefe da gefe na sauka, ko da su manoman ba haka suka jeru ba. Kusan 95 cikin 100 na matsakaitan za su faɗa cikin ninki biyu na wannan rawar, sama ko ƙasa da gaskiya. Da mutum 36 a misalinmu, in ka samu 12, abin da za ka iya faɗa da ƙwarin gwiwa shi ne gaskiya na wani wuri tsakanin 10 da 14.

Da na koma ɗaki na yi wannan lissafi da alƙalumanmu, sai na ga tazarar da ta kusa raba ni da abokina tana cikin abin da ake tsammani daga mutum ashirin-ashirin. Na je na ba shi haƙuri. Muka bar lambobinmu yadda suke, muka rubuta iyakar kuskuren kowanne a gefensa.

Wannan ilimi ya daɗe. Bafaranshen nan Laplace ya kafa hujjar ƙa'idar tsibin tun 1810. A 1908 kuma wani ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, William Gosset, wanda aikinsa ya haɗa da gwada ingancin sha'ir da 'yan samfura kaɗan, ya fitar da hanyar lissafi ta lokacin da samfuri bai da yawa. Kamfanin bai yarda ma'aikata su buga bincike da sunansu ba, sai ya sa wa kansa laƙabin da ma'anarsa ita ce ɗalibi. Jadawalin t da ke bayan littattafanmu daga aikinsa ya fito. Na kawo wannan ne don mu san cewa ƙaramin samfuri ba abin kunya ba ne. An tanadar masa lissafinsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mutum ashirin da ka gani da idonka, ka faɗi iyakar kuskurenka, bincike ne. Mutum ɗari huɗu da ka haifa a kan katifarka ba su gaya wa kowa komai ba.

Na ce ɗari huɗu da gangan. Buɗe babi na uku na furojet goma a ɗakin karatu, za ka ci karo da fomular Taro Yamane a mafi yawansu. In jama'ar da ake bincike a kansu suna da yawa, kuma aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, fomular kan ba da lamba kusa da 400. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ina zai ga kuɗin zuwa wurin mutum 400? Sai ya rubuta 400 a babi na uku, ya ga mutum 30, sauran ya cike da biro kala uku. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, ita fomular kanta tana aiki ne da sharaɗin cewa da ƙuri'a aka zaɓi mutanen. Mun ɗauki lambar mun bar sharaɗin.

Haka ma maganar da muke yawan yi cewa in samfuri ya kai 30 shi ke nan an gama. Wannan ƙiyasi ne kawai na sauƙaƙa wa mai koyo. In a garin akwai wani Alhaji ɗaya mai noma buhu 200 alhali sauran ba su wuce 15 ba, to shigarsa ko rashin shigarsa cikin samfurinka zai jefa matsakaicin sama ko ƙasa sosai, kuma 30 ba za ta ishe ka ba. Kuɗin shiga, yawan dabbobi da girman gona duk haka suke a ƙasarmu, 'yan kaɗan ke riƙe da kaso babba.

Yanzu mu zo kan magana ta biyu ta Kawu, wadda ta fi damuna, domin ita ce ta shafe mu a Zamfara kai tsaye. Koma kan manoma biyar ɗin nan. A ce masu buhu 8 da 10 suna wani ƙauye da hanyarsa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Waɗanda za ka iya gani su ne masu 12, 14 da 16. Ko ka tambaye su duka ukun, 14 za ka samu. Ko ka koma sau ɗari, 14 ce dai. Gaskiya kuwa 12 ce. Sigma bisa tushen n ba ta san da wannan kuskure ba sam. Ita rawar ƙuri'a kaɗai take aunawa. Ƙara yawan mutane na rage rawar, amma ba ya gyara karkata. Ka soki bakin buhu sau dubu, ba za ka san abin da ke gindinsa ba.

Manyan duniya ma sun faɗa wannan rami. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, ta sami amsa sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye da yawa daga littattafan lambar waya da rajistar masu mota, a lokacin da talakawa ke fama da matsin tattalin arziki, kuma waɗanda suka ga damar amsawa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup da samfurin da bai kai ko kusa da nasu ba ya faɗi wanda zai ci daidai.

Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Duk ɗan Maradun ko Bakura ko Mafara ya san garuruwan da direba zai ce maka ba ya zuwa bayan la'asar, da waɗanda ba ya zuwa ko da rana tsaka. Mun tuna ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, da abin da ya faru a kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan shekarar. Mun tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a jihar aka rufe kasuwannin mako. Duk wanda ya yi binciken jin ra'ayin 'yan Najeriya ta waya a makonnin nan, ko mutum nawa ya kira, babu muryar Zamfara a ciki. Kuma mutanen da ba a iya kaiwa gare su ba kamar sauran suke ba. Su ne aka hana noma, su ne aka ɗora wa haraji kafin girbi, su ne asibiti ya yi wa nisa. In ka bar su a waje, matsakaicinka zai nuna abubuwa sun fi yadda suke kyau. Ko a cikin filin Bakolori, manomin da ke kusa da bakin babbar hanyar ruwa da wanda ke can ƙarshenta ba ruwa ɗaya suke samu ba, kuma na bakin titi shi ya fi sauƙin gani.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a ɗakinmu: "To malam mai ƙididdiga, so kake mu shiga daji a ɗauke mu a kan takardar difloma?" A'a, wallahi. Babu furojet ɗin da ya kai ran mutum, kuma duk wanda ya ce ka je inda ba shi da tabbas, ka ce masa a'a. Abin da nake nema ba ya buƙatar jarumta. Ka rubuta inda ka je da inda ba ka je ba, da dalili. Masu aikin ƙasa ma haka suke yi. A babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an zaɓi rukunin gidaje 1,400 a faɗin Najeriya, ba a iya aiki a 11 ba saboda taɓarɓarewar tsaro, 4 daga ciki a Zamfara. Sun rubuta haka a rahotonsu ƙarara, kuma hakan bai rage wa aikin daraja ba. In hukuma mai motoci da kuɗi ta ce ga inda ta kasa zuwa, kai ɗalibi mai hawa kabu-kabu me zai sa ka ji kunya?

Wani kuma ya ce mini ai furojet ɗin difloma ba mai karanta shi, a kan kanta zai ƙare yana shan ƙura. Wataƙila haka ne. Amma mu ba a kan kanta za mu ƙare ba. Najeriya ba ta yi ƙidayar jama'a ba tun 2006, don haka yawancin abin da ake faɗa a kan talauci, rigakafi, yaran da ba sa zuwa makaranta da amfanin gona, daga samfura yake fitowa. Su wa ake ɗauka su bi gida-gida da waya ko takarda? Masu difloma irinmu. Hannun da ya saba cike takarda a ɗaki yana ɗalibi, gobe shi ne zai zauna a inuwar sakatariyar ƙaramar hukuma ya rubuta cewa an yi wa yaran wani ƙauye allura alhali ba a je ba, ko ya ce manoman wani yanki sun sami amfani alhali ko shuka ba su yi ba. Da waɗannan lambobi ake raba taki da magani da kayan agaji. Ƙauyen da aka yi wa ƙarya ƙauyen wani ne a cikinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ga shawarwarina, kuma ba su fi ƙarfin kowa ba.

Na ɗaya, ka rage taken bincikenka ya yi daidai da ƙafarka. In a cikin garin Mafara kaɗai ka yi aiki, kar ka rubuta "Jihar Zamfara" a bango. Rubuta garin, ko ma unguwar.

Na biyu, ka nemi jerin sunaye ka yi ƙuri'a. Tsayawa a bakin kasuwa kana tare duk wanda ka ci karo da shi ba ƙuri'a ba ce, domin wanda ya zo kasuwa yana da abin sayarwa da kuɗin mota, kuma mata da yawa ba za ka gan su a nan ba. Hula da 'yan takardu sun isa, ko ka sa wayarka ta zaro maka lambobi.

Na uku, duk matsakaicin da ka rubuta a babi na huɗu, ka sa iyakar kuskurensa a gefe. Minti biyar ne da kalkuleta.

Na huɗu, masu batutuwa iri ɗaya mu haɗa ƙarfi da izinin malamanmu. Mutum huɗu masu samfuri ashirin-ashirin daga jeri ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, sun zama tamanin, kuskurensu ya ragu da rabi, ba wanda ya ƙara ko sisi a kuɗin mota.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su shirya zama na yini guda kafin a fara fita tattara bayanai, a gayyato malaman ƙididdiga, a kawo buhun wake mai launi biyu ko kwalin lambobi, kowa ya ɗiba ya rubuta nasa a allo. Duk wanda ya ga tsibin nan yana tashi a gabansa daga hannun abokansa, ba zai sake mantawa ba. Malamanmu kuma muna roƙo da ladabi su riƙa faɗa mana tun farko cewa samfuri ƙarami na gaskiya karɓaɓɓe ne, domin tsoron a ce ya yi kaɗan shi ke tura da yawa cikinmu zuwa ga biro.

Furojet ɗina zai fita da manoma ashirin, da sakin layi guda da ke lissafa garuruwan da ban iya zuwa ba. Ban san makin da zan samu ba. Amma in aka tsayar da ni ranar kare shi aka ce wane ne manomi na goma sha bakwai, zan iya faɗin garinsu da inda muka zauna muka yi magana. Biron nan kala uku kuwa suna nan cikin jakata, duk mai buƙatar su don rubuta jarrabawa ya zo ya karɓa.

Allah ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu, har wata rana ɗalibi ya zaro sunan kowane ƙauye daga hula ya tafi ba tare da fargaba ba. Amin.